Kurakuran da aka fi yi wajen gane gansakuka da hantar-ƙasa a fili

Ƙananan tsirran nan marasa fure, waɗanda masana ke tarawa a ƙarƙashin sunan Bryophyta a ma'anarsa mai faɗi, sun kai kusan iri 20,000 a duniya. Kimanin 12,000 daga ciki gansakuka ce mai kara da ganye, sai dangi na biyu, Marchantiophyta, wanda zan kira hantar-ƙasa. Mai koyo yakan so ya faɗi suna da zarar ya hango kore a jikin dutse, kuma daga wannan gaggawar yawancin kurakurai ke fitowa.

Na farko shi ne ɗaukar duk wani kore mai laushi a matsayin gansakuka. Yauƙin da ke kan ruwa ko jikin bango mai laima sau da yawa alge ne, ba shi da kara balle ganye. Abin da ke manne a ɓawon itace, toka-toka ko ruwan ɗorawa, mai kaushi a hannu, galibi laikin ne, wato haɗin fangas (dangin fumfuna da naman kaza) da alge. Selaginella ma, wani ƙaramin tsiro mai kama da gansakuka, tana ruɗin mutane ƙwarai, alhali tana da jijiyoyin kai ruwa da saiwa ta gaske. Maganin wannan shi ne madubin hannu mai ƙara girma sau 10. Ka manna shi kusa da ido, ka matso da tsiron har ya fito sarai. Masu riƙe madubin nesa da fuska ba sa ganin komai, sai su ɗora wa madubin laifi.

Kuskuren da ya fi cin mutane, a ganina, shi ne zaton cewa duk hantar-ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar Marchantia, mai faɗin jiki ba kara ba ganye. Gaskiya mafi yawansu suna da ganye, kuma da ido kawai sai ka rantse gansakuka ce. A nan sai an natsu. Ganyen gansakuka yakan kewaye kara ta kowane gefe, ba ya rabuwa gida biyu, kuma da yawa suna da jijiya a tsakiya. Na hantar-ƙasa yakan jeru layi biyu, dama da hagu, a kwance, ba jijiyar tsakiya, sau da yawa a tsage gida biyu ko fiye, ko a naɗe. Juya tsiron ka dubi cikinsa: layi na uku na ƙananan ganye a ƙasan kara alama ce mai ƙarfi ta hantar-ƙasa. Frullania, wadda ke shimfiɗa ja-ja a ɓawon itace, tana da ƙananan aljihuna a ƙasan kowane ganye, ba za ka gan su ba sai ka juya ta.

Amma kada ka riƙe alama ɗaya ka ce ka gama. Fissidens gansakuka ce, duk da haka ganyenta layi biyu ne a kwance. Jijiyar tsakiya ce ke tona ta. Diplophyllum albicans kuwa hantar-ƙasa ce mai farin zane a tsakiyar ganye wanda ke kama da jijiya. Sai alamu biyu ko uku sun haɗu kafin ka yanke hukunci.

In ka yi sa'a ka samu kwanson ƙwayoyin haihuwa, gardama ta ƙare. Na gansakuka yana kan tsinke mai ƙwari, ja ko ruwan ƙasa, wanda ke daɗewa, kuma yawanci yana da murfi. In murfin ya faɗi sai ka ga haƙora a bakinsa, adadinsu 4, 8, 16, 32 ko 64. Na hantar-ƙasa mai ganye baƙi ne, a kan farin tsinke mai laushi da ke yanƙwanewa cikin 'yan kwanaki, kuma yakan fashe gida huɗu. Mutane kan tsinko koren su bar kwanson, alhali shi ne shaida mafi ƙarfi.

Sai batun bushewa. Tsiro ɗaya yana da kama biyu, ta jiƙe da ta bushe. Syntrichia in ta bushe sai ta murɗe ta yi duhu kamar ta mutu, ka fesa mata ruwa cikin daƙiƙoƙi ta buɗe ta koma kore. Wanda ya kwatanta busasshen tsiro da hoton jiƙaƙƙe ba zai taɓa dacewa ba. Ka riƙa tafiya da ƙaramar kwalbar feshi. Sai dai ka duba shi a bushe kafin ka jiƙa, domin yadda ganye ke murɗewa ko mannewa ga kara shi ma alama ce, kuma da ka fesa ruwa ka shafe ta.

Abin da nake jin takaicinsa shi ne yadda ake wofintar da mazauni. Waɗannan tsirran ba su da saiwa ta gaske, zare ne kawai ke riƙe su, don haka abin da suke kai yana faɗin sunansu rabi. Sphagnum na fadama ce mai tsamin ƙasa. Polytrichum ma ƙasa mai tsami take so, yayin da Ctenidium molluscum ta fi son dutse mai alli. Tortula muralis tana bin siminti da katanga, Funaria hygrometrica tana fitowa inda wuta ta ci, Bryum argenteum mai launin azurfa tana cikin tsagar daɓe, Riccia kuma tana shimfiɗa a kan laka bayan ruwa ya janye. Rubuta "a daji" bai wadatar ba. Rubuta: dutse ne ko itace, rayayye ko ruɓaɓɓe, wane irin itace, inuwa ko rana, ruwa na taɓa shi ko a'a. Zancen cewa gansakuka a arewacin bishiya kaɗai take fitowa kuwa, a ajiye shi. Laima da inuwa take bi, ko ta wane gefe suke.

Mazauni yana rage yawan waɗanda kake zargi, ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Marchantia polymorpha da Lunularia cruciata duk suna son ƙasa mai laima a lambu da tukwanen shuka, amma ƙananan kofunan da ke saman jikinsu sun bambanta: na farkon zagayayyu ne, na biyun siffar jinjirin wata. Hanci ma yana aiki, Conocephalum in ka murza ta tana da ƙamshi mai ƙarfi.

Wajen ɗibar samfuri, ɗan kaɗan ya isa, daga gefen gungu, kuma a bar shi in ba shi da yawa ko wurin na da dokar kariya. Leda tana sa shi fumfuna. Ambulan na takarda ya fi, a rubuta wuri da kwanan wata a kai nan take. Ka warware abin da ka ɗebo da kyau, domin gungu ɗaya kan ƙunshi iri biyu ko uku a cakuɗe, sai mutum ya dubi ganyen wannan da kwanson wancan. Hantar-ƙasa kuwa a duba ta tana ɗanya, saboda ɗigon man da ke cikin ƙwayoyin ganyenta, wanda ake rarrabe iri da shi, yana ɓacewa bayan ta bushe.

Akwai dangogi irin su Bryum da Sphagnum waɗanda da yawa daga cikinsu ba sa rabuwa sai da maikiroskof, na'urar duba abin da ido ba ya gani. In madubin hannu ya kai ka ga sunan dangi kawai, rubuta sunan dangin ka tsaya nan, ka adana samfurin har ka samu damar duba ƙwayoyin ganyen.