Yadda ake ƙiyasta shekarun da kankare da kwalta za su yi a ƙarƙashin lodi

Duk tayar da ta bi ta kan titi tana ɗan lanƙwasa shimfiɗarsa, ƙasan shimfiɗar ya miƙe kaɗan sannan ya koma. Ido ba ya gani. Sai an yi haka sau miliyoyi tukuna tsaga ta taso daga ƙasa ta ɓullo sama. Injiniyoyi na kiran wannan gajiya, kuma ana iya lissafa ta.

Fara da ƙirga motoci, amma nauyin kowane aksul za ka bi, wato sandar da ke haɗa tayoyin hagu da dama. Gwajin titi da aka yi a Ottawa ta jihar Ilinoi a Amurka, daga 1958 zuwa 1960, ya nuna cewa idan nauyin aksul ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Shi ya sa ake mayar da kowane lodi zuwa ma'auni guda, aksul mai kimanin tan 8.2. Idan ka yi hakan za ka ga ƙananan motoci kusan ba su cikin lissafin. Tirela da tanka ne masu cin titi.

Daga nan sai ka auna kaurin kowace shimfiɗa da ƙarfin ƙasar da ke ƙarƙashi, ka saka a manhajar kwamfuta ta fitar maka da yawan miƙewar ƙasan kwalta, ko matsin da ke gefen shimfiɗar kankare.

Sai ɗakin gwaji. Ana yanko sandar kwalta, na'ura ta yi ta lanƙwasa ta har taurinta ya ragu da rabi, a rubuta sau nawa ta jure. A maimaita da lodi iri-iri. Shi kuwa kankare, ana kwatanta matsin da ƙarfin da yake karyewa bayan kwana 28 da zubawa. Matuƙar matsin bai kai kashi 45 cikin ɗari na wannan ƙarfi ba, masu zane kan ɗauka gajiya ba za ta kayar da shi ba.

Yanzu a haɗa, da ƙa'idar da wani injiniya mai suna Miner ya wallafa a 1945: raba yawan wucewar kowane lodi da yawan da kayan ke jurewa, ka tara. Mu ce kwaltar na jure aksul matsakaici sau miliyan 2, kuma 100,000 ke wucewa a shekara. Ka samu 0.05. Mai nauyi kuma sau 400,000 take jure shi, 20,000 ke wucewa. Shi ma 0.05. Jimla 0.1 a shekara. Ranar da ta cika 1 ake sa ran tsagewa, shekara 10 ke nan. Duba fa: aksul masu nauyi 20,000 sun yi ɓarnar matsakaita 100,000.

Kada ka miƙa wannan adadi haka nan. Kwalta tana laushi da zafi, ta taurare da sanyi, don haka a yi lissafin wata-wata. A ɗakin gwaji ba ta samun hutu, a titi kuwa ƙananan tsagu kan ɗan haɗe tsakanin mota da mota, sai an gyara sakamakon da bayanan titunan da aka daɗe ana lura da su. A ganina inda aka fi yin kuskure shi ne mantawa da ruwa: da zarar ya jiƙa ƙasan titi, miƙewar da ka lissafa ta canza, dole ka koma matakin awon ƙasa ka sake.