Kurakuran da masu neman gyara halinsu suka fi yi, da yadda ake magance su

A Zariya ba a rasa masu niyyar gyara kansu, tun daga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo har zuwa almajiran makarantun zaure na cikin birni. Abin da yakan kayar da yawancinsu shi ne yadda suke ɗaukar zuciyarsu tamkar abokiyar gaba wadda sai an murƙushe ta, alhali gyaran da ke ɗorewa yana farawa ne daga fahimtar abin da zuciyar take buƙata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora wa kai nauyin da ya wuce ƙima a lokaci guda. Ɗalibi zai yanke shawarar cewa daga gobe zai riƙa kwana a aji yana karatu har asuba, ya haddace shafi biyu kullum, ya kuma daina taɓa waya. Bayan mako guda sai ka same shi ya kifa kai a kan littafi, kofin shayi ya huce a gefensa, ya karanta layi ɗaya sau biyar bai fahimci komai ba, domin ƙwaƙwalwa tana adana abin da aka koya ne a lokacin barci, kuma baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. Ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu na masallaci, aka ce ta Zainab ce, tana riƙe ta idan ta gaji da tsayuwar dare, sai ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, idan ya gaji ya zauna. Gyaran shi ne a zaɓi abu ɗaya ƙarami wanda za a iya yi ko a ranar da jiki bai so, a riƙe shi har ya zama jiki, sannan a ƙara wani.

Na biyu, wanda a ganina ya fi ɓarna domin ba a ganinsa da ido, shi ne danne halin da mutum yake jin kunyarsa. Mai hassada yakan ce shi ba ya hassada, mai fushi ya haɗiye fushinsa yana murmushi, sai abin ya ɓulla ta wata hanya, kamar tsawa ga yara ko gulmar wanda ya fi shi. A shekarar 1987 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner na Amurka ya umarci wasu mutane da kada su yi tunanin farar dabbar beyar, sai aka ga tunanin ya ci gaba da faɗo musu, ya ma ƙaru bayan an ɗage hanin. Likitan ƙwaƙwalwa Carl Jung na Suwizalan ya kira wannan ɓangaren da mutum yake musantawa inuwa, ya ce ba a samun cikar hankali sai an amince da zamansa. Amincewa ba ta nufin a biye wa halin. Ana nufin mutum ya zauna shi kaɗai ya faɗa wa kansa gaskiya, cewa nasarar abokinsa ta sosa masa rai, sannan ya bincika me yake so bai samu ba. Sau da yawa a ƙarƙashin hassada akwai buri na halas da aka yi watsi da shi, a ƙarƙashin fushi kuma akwai haƙƙin da aka daɗe ana takewa, kuma dukansu suna da magani idan an gane su.

Akwai kuma zagin kai bayan tuntuɓe. Wanda ya karya alƙawarin da ya yi wa kansa ya ce ai shi ba shi da amfani, yakan rasa ƙarfin sake gwadawa, ya koma ga halin da yake gudu domin ya huce takaici. Nadama ta gari takan tsaya ga aikin da aka yi: me ya jawo shi, yunwa ce ko gajiya ko zama da wasu mutane, kuma me za a sauya gobe.

Burin aro ma yana wahalar da matasa, musamman masu auna kansu da abin da suke gani a Facebook da TikTok. Kafin mutum ya tilasta wa kansa wani abu, ya tambayi zuciyarsa ko zai so shi idan babu mai kallo.

Wasu kuma sukan ɗauki ciwo a matsayin lalaci, su ƙara matsa wa kansu. Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai mako biyu, tare da rikicewar barci ko cin abinci, wannan ya wuce batun himma, kuma ya kamata a ga likita, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.