Masu shirin jarabawar aikin gwamnati, ku daina haddace tsare-tsaren da aka riga aka canza

Duk lokacin da aka fitar da sakular jarabawar ƙarin girma, ko aka ce hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya, wato FCSC, ta buɗe shafinta kamar yadda ta yi a farkon 2025, sai ƙannena na ofis su fara turo min tambayoyi, kuma wallahi kuskuren bara shi ne na bana, ba abin da ya canza sai fuskokin masu yin sa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, gara in rubuta kowa ya karanta. Maganata a kan ɓangaren tsare-tsaren gwamnati da sabbin manufofi ce, don a nan mutanenmu suka fi zubar da maki, alhali nan ne ya fi sauƙin kamawa.

Babban kuskuren shi ne dogaro da tsohon fas kwashin, wato littafin tambayoyin jarabawar baya. Za ka ga mutum ya sayi littafi a bakin sakatariya, bango sabo fil an buga shekarar bana a kai, amma cikinsa tun zamanin kundin dokokin aiki na 2008 ba wanda ya taɓa ko layi ɗaya. Ni wannan abin ya taɓa cinye min shekara guda cur, na zauna na haddace irin wannan littafin har ina iya karanto shi ido rufe, na shiga jarabawa na tarar tambayoyin daga sabon kundi suke, sakamako ya fito ba sunana, waɗanda na koya wa rubuta minit a fayil suka kamo ni a mataki, ga kuɗin da ya kamata ya shigo albashi duk wata ya tafi ke nan. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, shi ya sa in na ga yaro riƙe da irin littafin nan ba na iya yin shiru.

Ku duba misali ɗaya kawai, wa'adin darakta. A 2009 lokacin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa aka kawo tsarin cewa darakta shekara 8 zai yi a kujera ya sauka, a 2016 gwamnatin Buhari ta dakatar da tsarin, sai kuma a Yulin 2023 da aka ƙaddamar da kundin dokokin aiki, wato PSR, da aka yi wa gyara a 2021 aka dawo da shi, darakta shekara 8, babban sakatare shekara 4 ana iya sabunta masa sau ɗaya. To ka ga tambaya ɗaya ce amma amsarta ta danganta da shekarar da aka rubuta littafin da ke hannunka. Haka APER, fom ɗin nan da muka saba cikewa ƙarshen shekara oga ya sa hannu, sabon kundi ya maye gurbinsa da PMS, wato tsarin auna ƙwazo bisa aikin da kuka yi yarjejeniya da shugabanka tun farkon shekara. Hutun haihuwa na maza kwana 14 na aiki, tsohon littafi bai ma san da shi ba. Hukumar inshorar lafiya NHIS ta zama NHIA tun 2022 kuma dokar ta wajabta inshorar lafiya. DPR mai sa ido kan harkar man fetur ta tafi da zuwan dokar man fetur ta 2021, yanzu hukumomin NUPRC da NMDPRA ne suka gaje ta. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 ta 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, kuma shekara uku-uku za a riƙa duba shi yanzu. A Oktoban 2024 aka rushe ma'aikatar Neja Delta aka kafa ta raya yankuna, aka rushe ta wasanni aka mayar da aikinta hannun hukumar wasanni ta ƙasa, a shekarar ce kuma aka ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi wadda mu 'yan Arewa bai kamata a ce mun faɗi tambaya a kanta ba. Amma har yanzu akwai mai rubuta Folasade Yemi-Esan a matsayin shugabar ma'aikata, alhali Didi Walson-Jack ta karɓa tun Agustan 2024. Haba jama'a, wadda sunanta ke ƙasan sakular da ake liƙa muku a allon sanarwa fa!

Abin da nake yi tun daga lokacin, kuma ban ce dole kowa ya bi ba, littafin rubutu nake saya irin na 'yan makaranta, kowane tsari shafinsa daban, da fensir nake rubutu. In abu ya canza ba na gogewa, layi ɗaya nake ja a kan tsohon in rubuta sabon a ƙasa da wata da shekara, saboda masu tsara tambaya suna son su ce wace hukuma ce ta gaji wace, ka ga tsohon ma yana da rana. Fas kwashin kuwa ina duba shi ne don in ga salon tambaya kawai, amsarsa ba na yarda da ita sai na gan ta a kundin ko a sakula.

Na biyu, shi ma yana cin mutane sosai, rashin bambance ranar da aka sanar da abu, da ranar da majalisar zartarwa ta amince, da ranar da shugaban ƙasa ya sa hannu, da ranar da abin ya fara aiki. Mu a hira duk "an kawo tsarin" muke cewa mu wuce, jarabawa kuwa ba ta san wannan ba. Ɗauki bashin karatu na ɗalibai. Tinubu ya sa hannu a dokar farko a Yunin 2023, wadda ke da sharaɗin kawo masu tsaya maka da kuma iyakar kuɗin shigar iyali, aka soke ta aka sake wata ya sa hannu a Afrilun 2024 aka cire waɗancan sharuɗɗan, sannan NELFUND, hukumar da ke ba da bashin, ta buɗe shafin nema a Mayun 2024. In aka tambaye ka dokar da ake aiki da ita kai kuma ka danna 2023 don ita ka fara ji a rediyo, ka faɗi, kuma za ka fito kana rantsuwa ka ci. Dokokin haraji guda huɗu ma haka, an sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 amma sabon tsarin harajin an tsayar masa 1 ga Janairun 2026, a ciki ne hukumar tara haraji ta FIRS ta koma NRS, harajin VAT kuma yana nan a kashi 7.5 duk da an yi ta maganar ƙara shi lokacin da ake muhawara a majalisa, wanda ya tsaya a labarin muhawarar bai bi ƙarshenta ba zai zaɓi kashi 10 hankalinsa kwance. Rahoton Oronsaye kan rage da haɗe hukumomin gwamnati tun 2012 aka miƙa shi, sai Fabrairun 2024 majalisar zartarwa ta amince a aiwatar da shi, kuma amincewa daban, haɗe hukumomin a zahiri daban, kar ka je ka rubuta an haɗe hukuma alhali tana nan da shugabanta da kasafinta.

A nan ne nake yi wa yaran ofis faɗa, don gaskiya lalaci ne. Kana da data ta kallon bidiyo har ƙarfe ɗayan dare amma ba ka da ta buɗe labari ɗaya ka karanta har ƙasa, kan labari kawai kake gani a guruf ka tura gaba. Kowane tsari tambaya huɗu nake masa a shafinsa, wace doka ko sakula ta kafa shi, yaushe ya fara aiki, wace hukuma ke riƙe da shi a ƙarƙashin wace ma'aikata, su wa aka yi dominsu. 3MTT na ma'aikatar sadarwa ne, horar da matasa miliyan 3 a fannin fasaha. CREDICORP bashin sayen kaya ne ga masu albashi, ba shi da alaƙa da NELFUND. In ka kasa cike huɗun nan to suna kawai ka sani.

Sauran ƙanana ne amma suna tsinke maki. Hukumar FCSC ita ke ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa, ofishin shugabar ma'aikata shi ke da canjin wurin aiki da horo da walwala, ku daina cakuɗa su. Akwai dakatarwar da ake biyan rabin albashi akwai wadda ba a biyan ko sisi, sunansu daban a kundi, ku je ku duba da idonku. Shekarun jira kafin ƙarin girma, mataki na 6 zuwa ƙasa shekara 2, na 7 zuwa 14 shekara 3, na 15 zuwa 17 shekara 4. Kar a tsallake dokokin kuɗi na 2009 da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 wai don kai ba akanta ba ne. TSA (asusun bai ɗaya na gwamnati) da IPPIS (tsarin biyan albashi) da GIFMIS (tsarin kula da kuɗin gwamnati ta kwamfuta) a san aikin kowanne, jimla ɗaya-ɗaya ta isa. Mai cewa yana da tambayoyin bana a tura masa kuɗi ɓarawo ne, kar ka ba shi ko naira.

Sai kwamfuta. Yanzu yawancin jarabawar nan a kanta ake yi, kuma na ga dattijo mai ilimi wanda ya san kundin ciki da bai ya ƙare lokacinsa yana kokawa da linzami. Baba, Hajiya, ba abin kunya ba ne, ku sa ɗanku ko wani yaro a ofis ya zaunar da ku ko sau biyu a sati, a koyi danna amsa, a koyi komawa baya, a saba da agogon da ke ƙirgawa a saman allo.

Ma'aikatan jiha kuma, na Kano ne ko Katsina ko Bauchi, duk abin da na lissafo na tarayya ne, zai taimaka muku a tambayoyin al'amuran yau da kullum amma dokar aikinku ta jiharku ce, ba lallai wa'adin darakta ko mafi ƙarancin albashi ya zo ɗaya da na Abuja ba. Ku shiga rajistiri ku roƙi fayil ɗin sakula na shekara biyun da suka wuce, ku ɗauki hotonsu a waya, daga nan za ku fara cike littafin.