Yadda Ake Kai Kuka Wurin Mai Unguwa, Dagaci da Hakimi

Daga lokacin sharar gona har zuwa ƙarshen kaka, da wuya zauren dagaci a ƙauyukan Kano da Jigawa ya wuni babu masu kawo kuka. Wannan ya ce maƙwabcinsa ya ci masa iyaka da kunya biyu, wancan ya ce shanu sun shiga masa wake da daddare, ga kuma 'yan unguwar da taransifomarsu ta ƙone tun bara, sun yi karo-karo har sun gaji amma wuta ba ta dawo ba. Da yawa suna komawa gida rai a ɓace, suna cewa sarakunan yanzu rawani ne kawai ya rage musu. Zancen bai rasa gaskiya ba, sai dai galibi mutum yakan je fada ne yana neman abin da aka daɗe da raba ta da shi, ya bar abin da har gobe ita ta fi kowa iyawa. Saboda haka wanda yake so kukansa ya yi amfani, ya fara da sanin iyakar ƙarfin wanda zai kai wa.

Kafin zuwan Turawa, yawancin hakiman Kano a birni suke zaune kusa da Sarki, jakadunsu ne suke zagaya ƙauyuka suna tattaro kuɗin ƙasa. Bayan an ci Kano a 1903, a zamanin Sarki Abbas, aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka tura kowane hakimi ya tare a cikin talakawansa, shi ya sa aka san Madaki da Dawakin Tofa, Makama da Wudil, Sarkin Bai da Dambatta. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka kafa, Sarki yana da kotunsa da 'yan dokarsa da gidan yarinsa da baitulmalinsa, dagaci kuwa shi yake riƙe da rajistar haraji, ya san kowane magidanci da yawan balagaggun gidansa. Wannan zamanin tsofaffi suke tunawa idan suka ce da can in hakimi ya yi magana ta zauna. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari, gyaran 1976 ya miƙa mulkin karkara ga ƙananan hukumomi, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, gonakin karkara kuma a ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Da Gwamna Abubakar Rimi ya hau a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Jihar Kano, sai ya soke haraji da jangali. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai yanka wa sarakuna wani aiki a rubuce ba.

To, yau dagaci ba ya ɗaure mutum, hakimi ba shi da kasafin kuɗin gina kwalbati. Abin da suke da shi shi ne sanin mutane da tarihin gonakinsu, da kwarjinin da zai sa masu rigima su zauna a tabarma ɗaya, da kuma muryar da ake saurara a ofishin da talaka ba ya iya shiga. Alƙali ma idan shari'ar gona ta zo gabansa, sau da yawa sai ya aika an kira mai unguwa ko dagaci ya ba da shaida.

Fara daga ƙasa, kada ka tsallake kowa. Mai unguwa, wanda a wasu garuruwan gabashin Jigawa ake kira bulama saboda tsohuwar alaƙa da Barno, shi ne ƙofar farko. Idan abin ya fi ƙarfinsa, shi da kansa zai raka ka wurin dagaci, dagaci kuma ya haɗa ka da wakilinsa zuwa fadar hakimi. Wanda ya yi gaggawa ya faɗa gidan hakimi kai tsaye, tambayar farko da zai ji ita ce ina dagacinsa, a ƙarshe a mayar da shi inda ya tsallake, ya tarar ya ɓata da mutumin da zai riƙa gani kullum a masallaci. Inda kawai tsallakewa take da hujja shi ne idan rigimar da mai unguwar ce ko da ɗan gidansa. A nan ma kada ka tafi kai kaɗai, ka nemi liman ko wani dattijon da ake jin nauyinsa ya raka ka, ka kuma faɗi dalilinka a fili tun a gaisuwar farko.

Rigimar iyakar gona ta fi kowace bukatar shiri. Kafin ka buɗe baki, ka san ta wace hanya gonar ta zo hannunka, ko gado ne, ko saye, ko kyauta, ko jingina, ko aro, domin kowanne da irin shaidar da ake nema a kansa. Ka san maƙwabtanka na gabas da yamma da kudu da arewa, ka je ka gaishe su, ka tabbatar za su zo idan an kira su. Kada ka taɓa alamar iyaka da hannunka, ko da ka tabbata an matsar da ita, domin wanda ya tumɓuke gamba ko ya dasa sabuwa kafin zuwan dattawa ya ba abokin rigimarsa makami. Roƙonka na farko ya zama a je a gani, kuma a je da wuri kafin a yi huɗa garma ta binne sawun komai. Wanda ya taɓa bin irin wannan tawaga ya san yadda take: wakilin dagaci a gaba, masu rigima a baya kowa ya haɗe rai, sai tsohon da ya yi ƙodago a gonar tun yana saurayi ya tsaya kusa da wata aduwa, ya auna da ido, ya caka sandarsa ya ce a tona nan. Gamba ko an ƙone ta tushenta yana daɗewa a ƙasa, kuma da zarar fartanya ta fito da shi gardama takan mutu a wurin, ba tare da kowa ya rantse ba.

Aron gona da ya daɗe shi ne uwar rigingimu a karkara, musamman idan mai bayarwa da mai karɓa duk sun rasu, 'ya'ya suka tashi suka ga mahaifinsu yana noma wuri shekara da shekaru. Idan ka ba da aro, ka sabunta maganar kowace shekara a gaban mai unguwa, ka karɓi ko da dami ɗaya ne da kaka, ba don darajarsa ba, sai don ya zama abin da shaidu za su tuna.

Ranar zama, ka je da wuri cikin kaya masu tsabta, ka cire takalmi a bakin zaure, ka zauna a ƙasa inda aka nuna maka, ka yi gaisuwa. A fadar hakimi bafade ne zai amsa maka da “An gaishe ka”, kuma ba wulaƙanci ba ne, al'adar wurin ke nan. Idan an ba ka dama, ka fuskanci mai sarauta, ba abokin rigimarka ba, ka ce misali: “Allah ya ja zamaninka, na zo da kuka ne a kan gonarmu ta bakin rafi wadda muka gada wurin mahaifinmu. Bana da na je shara na tarar Baba ya shigo da kunya biyu ta yamma. Ina roƙo a je a duba.” Ka lura an kira mutumin Baba tunda sa'an mahaifi ne, ba a ce ɓarawo ba, ba a kuma tono abin da kakansa ya yi ba. Kada ka katse shi idan yana magana, ko da ƙarya yake shararawa, domin zaure yana auna natsuwar mutum kamar yadda yake auna hujjarsa. Kada ka yi saurin cewa a kawo Alƙur'ani. Batun goro kuwa, ɗan abin gaisuwa al'ada ce da ba ta da laifi, amma idan wani na bakin ƙofa ya yanka maka farashi kafin a saurare ka, ka san ba sulhu ake shirin yi ba, ka nemi ganin mai sarautar da kansa.

Duk abin da aka daidaita a kai, ka roƙi a rubuta shi kafin a watse. A nan ne mutanenmu suka fi sakaci, a yi addu'a a shafa, kowa ya tafi, bayan damina uku maganar ta dawo ɗanya. Magatakarda ya rubuta kwanan wata, da sunayen masu rigima da na shaidu, da iyakokin gonar ta fuska huɗu, da abin da kowa ya amince da shi, a sa hannu ko a dangwala yatsa, a buga hatimi. Kowane ɓangare ya karɓi kwafi, kai kuma ka ɗauki hotonta da waya ka tura wa wani ɗan'uwanka, saboda gara da ruwa ba sa barin takarda a ɗakin ƙasa. Ka tuna dai sa hannun dagaci shaida ce mai ƙarfi, amma takardar izinin mallakar gonar karkara a ƙaramar hukuma ake neman ta.

Idan ɓarnar dabbobi ce, sa'o'in farko su ne komai. Kada ka doki yaron da yake kiwo, kada ka sari dabba, domin a take za ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake ƙara, kuma daga irin wannan ne wutar da take cin ƙauye guda take tashi. Ka kira shaidu tun da sassafe su ga sawu da kashin shanu da abin da aka cinye, a bi sawun a ga inda ya nufa, sannan mai unguwa ya aika wa arɗo. Yadda aka saba shi ne sarkin noma da arɗo su shiga gonar tare su ƙiyasta ɓarnar, suna duba yawan kunyoyin da aka taɓa da matakin da shukar take, tunda geron da aka ci yana ƙarami zai iya tofowa, waken da ya yi 'ya'ya kuwa ya tafi ke nan. A tsayar da adadi da ranar biya a gaban kowa. Sai dai manomi ya binciki kansa tukuna, domin idan gonarsa ta cinye burtali ko ta toshe hanyar mashaya, arɗo zai faɗa, dattawa kuma sun san inda burtalin yake tun asali. A Jigawa akwai hukumar jiha ta manoma da makiyaya da ake kai wa abin da ya gagari fada.

Kukan gari gaba ɗaya, irin na wuta ko famfon tuƙa-tuƙa ko rabon taki ko hanyar da ruwa ya yanke, hanyarsa daban ce. A rubuta takarda a kan matsala ɗaya tak, a faɗi tun yaushe ta faru da abin da jama'a suka riga suka yi da kuɗinsu, dattawa da matasa su sa hannu, a aika ta ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun hakimi, a ba kansila kwafi. Takardar da ta tara bukata goma ba a amsa ko ɗaya. A wakilta mutum biyu da za su riƙa bibiya. A shekarar ambaliya irin ta 2022, da ruwa ya ci gonaki a Ringim da Auyo da sauran garuruwan kwarin Haɗejiya, ka tabbatar da idonka an rubuta sunanka da girman asararka a jerin da mai unguwa yake tattarawa, domin wanda ba ya cikin jerin ba ya cikin rabo idan tallafi ya zo.

Mutanen Kano suna da ƙarin abin lura. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, a Maris 2020 ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi II ta naɗa Aminu Ado Bayero, a Mayun 2024 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke waccan doka ta mayar da Sanusi, maganar ta tafi kotu, daga baya aka dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masu daraja ta biyu. Akwai ƙauyukan da cikin shekara biyar aka sauya musu inda suke kai gaisuwar Sallah har sau biyu. A ganina, mai neman a raba masa iyakar gona ba shi da ribar shiga wannan zance a zaure. Kada ka yabi wani sarki ko ka kushe wani don neman shiga, ba ka san inda zuciyar mai sauraronka take ba, kuma kukanka da wuya ya wuce fadar hakimi. Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana da masarautu biyar, wato Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, kuma tsanin mai unguwa da dagaci da hakimi iri ɗaya ne a cikinsu duka.

Mace ma tana da damar kai kuka, musamman wadda 'yan'uwa maza suka riƙe mata gonar gado suna cewa suna noma mata. Tana iya wakilta ɗanta ko waliyyinta, amma ya fi kyau a ji daga bakinta ko da daga cikin gida ne, a gaban shaidu biyu. Dagaci zai iya kiran 'yan'uwan ya ja musu kunne, sai dai idan sun ƙi, rabon gado aikin alƙali ne a kotun shari'a, kuma ba raini ba ne ta sanar da dagaci cewa can za ta nufa. Haka abin yake ga kowane sulhu da ɗaya ɓangaren ya karya: ka koma ka shaida wa wanda ya yi zaman, ka roƙi ya zo ko ya aiko wakili ranar da kotu ta neme shi. Abin da ya shafi jini kuwa, ko fyaɗe, ko fashi da makami, ba na tabarmar sulhu ba ne. A kai wanda aka ji wa ciwo asibiti, a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, a kuma tura wani ya sanar da mai unguwa.