Yadda ake sayen fili a bakin garin Kano ba tare da cizon yatsa ba

Lokacin da nake yaro a Gwale, in ka fita ta Ƙofar Kabuga ka miƙi titin Gwarzo, gonakin dawa da gyaɗa ne har ido ya gaji. Yau daga Rijiyar Zaki zuwa Danbare gini ya haɗe da gini. Haka Mariri, haka Na'ibawa, haka Bachirawa. Birnin da a da badala ta kewaye shi yanzu ya mamaye ƙananan hukumomi takwas, har da Ungogo da Kumbotso.

Ba Kano kaɗai abin ya shafa ba. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma nan da 2050 za su kai kashi 68. Indiya da Sin da Najeriya su kaɗai za su ɗauki kashi 35 na wannan ƙarin, Najeriya kuwa mutum miliyan 189 ake sa ran za su ƙaru a biranenta. Don haka gonar da dillali yake nuna maka yau, unguwa ce gobe. Ka dube ta da idon unguwa tun kafin ka ciro kuɗinka.

Da farko, kada ka sayi fili da rani. Ni na yi, na kuma ji jiki. An kai ni wani fegi a watan Maris, shimfiɗe lumui, farashi da sauƙi. Da Agusta ta zo ruwa ya kai min gwiwa, ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Ka je da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda yake bi da inda yake kwanciya. Ka dubi gindin katangar maƙwabta, gishirin gini ba ya ɓoyuwa.

Sai hanya, kuma a nan nake son ka tsaya. Yawancin sababbin unguwanninmu awon igiya ne: mai gona ya kira dillalai, a ja igiya, a yanka fegi-fegi, kowane taku kuɗi ne. Wa zai bar wurin makaranta, ko asibiti, ko magudanar ruwa? Ranar da aka kai ka, wurin fetal yake, mota ma tana juyawa, sai ka ɗauka haka zai zauna. Bayan shekara biyar kowa ya yi katanga, wannan ya ƙaro dakali, wancan ya fito da shadda waje, sai ga lungun da Adaidaita Sahu ba ta iya shiga. Na ga an ɗauko mai naƙuda a kafaɗa zuwa bakin titi cikin dare, na ga gobara ta cinye gida motar kwana-kwana tana tsaye daga nesa. Ka tafi da abin awonka, ka auna faɗin layin da hannunka, ka bi shi da ƙafa har inda ya haɗu da babban titi. In motoci biyu ba za su iya gittawa ba, haƙura, ko da rabin kuɗi aka bar maka.

Bayan haka ka binciki asalin ƙasar. Mafi yawan filayen bakin gari gonakin gado ne. Ka tambaya an raba gadon ko ba a raba ba, magada nawa ne, mata suna ciki da saninsu? Sau da yawa babban wa ne yake sayarwa, ƙanwa tana gidan miji ba ta da labari, sai ka yi rufi sannan sammaci ya iso. Ka je wurin mai unguwa da dagaci da kanka, ba tare da dillali ba, domin shi la'adarsa yake nema. Ka tambayi dattawan wurin ko akwai burtali, ko tsohuwar maƙabarta. Ka ɗaga kai ka duba manyan wayoyin lantarki.

Takardar ciniki mai sa hannun shaidu tana da amfani, amma ba ita ce ƙarshe ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi ya sa takardar shaidar mallaka take da nauyi. Ka kai bayanin filin ofishin KANGIS, hukumar da take ajiye bayanan filayen Kano, a duba ko akwai wani mai shi, ka kuma tambayi hukumar tsara birane ta KNUPDA ko an zana titi ta wurin. Kuɗin binciken bai kai kuɗin buhunan simintin da za a rushe ba.

Ruwan sha kuwa, leƙa rijiyar maƙwabci a watan Afrilu, ka tambayi 'yan ga-ruwa nawa ne jarka. Ka lissafa kuɗin mota zuwa wurin sana'arka na wata guda.

In ka biya, kada ka bar filin haka. A kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta huɗu da mai unguwa, ka zuba harsashi ko da layi uku ne na bulo, kana leƙawa duk wata.