Darasi na 7: Yadda ake tayar da irin bishiya daga barci

Jama'a da yawa in suka shuka irin da suka ajiye tun bara, suka yi ta ban ruwa sati uku ba abin da ya leƙo, sai su ce ai irin ya mutu su zubar. Wallahi sau da yawa bai mutu ba, barci yake.

Ku ɗauki filamboyan, bishiyar nan mai jan fure da ake shukawa a makarantu da bakin titi, wadda ke fure da bazara, asalinta daga Madagaska ne. In ka fasa doguwar kwasfarta za ka ga iri mai ɓawo kamar dutse, to wannan ɓawon shi ke hana ruwa shiga, kuma iri in bai sha ruwa ba ba zai tsiro ba ko da zai shekara a ƙasa. Haka kuka take, haka bagaruwa da gawo. Shi ya sa kake ganin gawo na fitowa inda dabbobi ke kwana, cikin akuya ya riga ya lallasa ɓawon kafin ta kasayar.

Mu ma abin da za mu yi kenan, mu buɗe wa ruwa hanya.

In irin kaɗan ne ni na fi son gogewa. Ka riƙe ƙwara ɗaya ka goga gefenta a kan dutse ko siminti, ko ka ɗan ƙwalle ta da abin yanke farce, da ka hango fari-fari a ciki ka tsaya. Amma ka kauce wa cibiyar, wato wajen da irin ke manne da kwasfa, don ta nan saiwa ke fitowa, in ka ji mata rauni shi kenan ka yi asara. Sai ka jiƙa a ruwan sanyi ya kwana.

In kuma irin ya kai kwano guda, gogewa za ta cinye maka yini, sai a yi da ruwan zafi. A tafasa ruwa, a SAUKE daga wuta tukuna, sannan a zuba iri a barshi ya huce tare da ruwan har awa 24. Don Allah kar a dafa, ba wake ba ne, dafaffen iri ba ya tsirowa. Akwai masu amfani da asid, wannan a bar wa ma'aikatan gandun daji, yana ƙona hannu da ido.

Washegari waɗanda suka kumbura ka shuka su nan take a leda mai huji a gindi, cike da haɗin ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, zurfin kamar gaɓar yatsa. Waɗanda ba su kumbura ba a sake musu. Wanda ƙwaro ya huda kuwa a yar.

Darbejiya ita ba ruwanta da duk wannan, irinta ba ya jure ajiya, da ya nuna ka wanke ka shuka cikin 'yan makonni.

Aikin gida: kowa ya samo iri mai taurin ɓawo ƙwara 20, ya goge 10 ya bar 10 yadda suke, ya shuka a leda daban-daban, bayan sati biyu ya rubuta nawa suka fito a kowanne ya kawo aji.