Yadda za ka gyara baccinka ba tare da ka makara asuba ba

Mu dai lokacin tashinmu ba ya canzawa, ladan zai kira wajen ƙarfe 5 ko ka kwanta da wuri ko ka raba dare, don haka gyaran bacci daga daddare yake farawa. A 2015 ƙungiyoyin likitocin bacci na Amurka suka tsaya a kan baligi yana buƙatar awa 7 ko sama da haka kullum. To ka lissafa da baya, in 5 za ka tashi ƙarfe 10 ta same ka a shimfiɗa. Matakin farko ke nan kuma shi ne mai wuya, don lokacin ne hira take daɗi a majalisa. Wanda ya saba kaiwa 1 na dare kar ya ce zai dawo 10 rana ɗaya, juyi kawai zai yi ta yi a gado. Ka dinga rage minti 20 duk bayan kwana biyu har ka iso.

Abin da ya sa na damu da wannan, ƙwaƙwalwa aiki take in kana bacci. A 2013 Maiken Nedergaard da abokan aikinta a jami'ar Rochester sun gwada a ɓeraye, suka ga in sun yi bacci gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yana buɗewa da kusan kashi 60 cikin 100, ruwa ya ratsa ya wanke dattin da ya taru, har da wani sinadari da ake alaƙantawa da cutar mantuwa ta tsufa. Cikin bacci ne ma karatun da ka yi da rana yake zama a kai, ɗalibin da ya kwana yana TDB, wato karatu har gari ya waye, ranar jarrabawa kansa ya cuta wallahi.

Na biyu, goro da shayi da Nescafé. Sinadarin kafin da ke cikinsu yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki, kenan in ka zauna teburin mai shayi ƙarfe 8 ka sha mai kauri, ƙarfe 1 na dare rabinsa na nan a jininka. Daga la'asar ka tsaya, in kana son abu mai ɗumi ga kunu nan.

Sai waya, ka jona ta a caji can nesa da gado, inda sai ka miƙe kafin ka kai gare ta.

Zafi ma yana hana bacci, musamman Afrilu da Mayu in ba wuta. Ka watsa ruwa kafin ka kwanta, ka yayyafa wa tsakar gida ruwa in a waje za ka shimfiɗa, gidan sauro kuma kar a bari.

Da rana ka samu ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar, kar ta wuce haka, in ta yi tsawo ita za ta cinye maka na dare. Wannan ma neman kuɗi ne, ba lalaci ba. Cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta a 2016 cewa ƙarancin bacci yana jawo wa Amurka asarar da ta kai dala biliyan 411 a shekara, Japan biliyan 138. Direbobi su na fi ji, bincike a Ostireliya ya nuna awa 17 ido biyu tana rage wa mutum lura kamar wanda ya ɗan sha giya, to direban da ya taso tun asuba, goma na dare ta yi masa a hanyar Kano zuwa Legas, ya faka ya kwanta don Allah, goro ba zai riƙe masa sitiyari ba.

In ka yi duk wannan wata guda amma kana tashi a gajiye da ciwon kai, ko mai ɗakinka ta ce minsharinka yana yankewa kamar numfashi ya tsaya sannan ka zabura, ka je asibiti ka faɗa wa likita haka, a auna har da hawan jini.